Aikin koyarwa da bincike a fannin kasuwancin sutura: abin da ya ƙunsa, inda ake yinsa da hanyar shiga

Kasuwancin sutura da gudanar da shi fanni ne na ilimi da ake koyarwa a jami'o'i da manyan kwalejoji a ƙasashe da dama. Yana nazarin hanyar da tufafi, takalma, jakunkuna da sauran kayan ado ke bi daga gonar auduga da masaƙa har su isa hannun mai saye, tare da yadda kuɗi, ma'aikata da bayanai ke zagayawa a kan wannan hanya. Ya bambanta da koyar da zane da ɗinki. Malamin zane yana koya wa ɗalibi yadda zai fitar da riga, shi kuwa malamin wannan fanni yana koya masa guda nawa ya kamata a ɗinka, a wace masana'anta, a kan wane farashi, da abin da za a yi da ragowar idan yayi ya wuce kaya suka yi kwantai.

Wanda ya zaɓi wannan aiki ana buƙatar ya mallaki abubuwa biyu da ba kasafai suke haɗuwa ga mutum ɗaya ba: sanin kasuwa daga cikinta, da iya gudanar da bincike irin na jami'a. Wannan buƙata ce ta tsara yadda ake ɗaukar malamai a fannin, da yadda ake yi musu ƙarin girma, da irin matsalolin da suke fuskanta.

Yadda fannin ya samo asali

Masana sun daɗe suna rubutu a kan yayi. Masanin tattalin arziki Thorstein Veblen ya yi bayani a 1899 kan yadda masu hali ke amfani da sutura wajen nuna dukiya, sannan masanin zamantakewa Georg Simmel ya yi nazari a 1904 kan dalilin da ke sa yayi ya riƙa sauyawa. Amma koyar da kasuwancin sutura a matsayin sana'a ya taso ne daga makarantun horar da ma'aikata, kafin jami'o'i su karɓe shi.

A Ingila, kwalejin da ake kira London College of Fashion ta samo tushe daga wata makarantar koyar da 'yan mata sana'a da aka buɗe a unguwar Shoreditch ta birnin Landan a 1906. Ta ɗauki sunanta na yanzu a 1974, kuma tana cikin kwalejojin da suka haɗu suka zama Jami'ar Fasahar Zane ta Landan a 2004. A Amurka, shugabannin masana'antar tufafi na birnin New York ne suka taimaka aka kafa Fashion Institute of Technology a 1944, a lokacin da suke kukan ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, daga baya kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Jihar New York. Wani reshen fannin a Amurka ya fito ne daga sassan koyar da tattalin gida na jami'o'in jihohi, irin su Iowa State da Cornell, inda darasin tufafi da yadi ya rikiɗe a hankali ya zama nazarin ciniki da halayyar masu saye.

Shekarar 1986 ta ga buɗe manyan makarantu uku. A birnin Paris na Faransa an kafa Institut Français de la Mode domin horar da manajojin kamfanonin sutura, wadda ta haɗe da tsohuwar makarantar ɗinki ta ƙungiyar manyan gidajen sutura na Paris a 2019. A birnin Florence na Italiya an buɗe Polimoda. A Indiya kuwa Ma'aikatar Masaƙu ta kafa cibiyar NIFT a New Delhi, wadda wata doka ta 2006 ta ba ta ikon bayar da digiri, kuma tana da digiri na biyu a gudanar da kasuwancin sutura. A Bangaladash ƙungiyar masu masana'antun tufafi ta ƙasar, BGMEA, ita ce ta kafa tata makaranta a birnin Dhaka, wadda ta zama jami'a a 2012. A kusan dukan waɗannan wurare masana'anta ce ta fara neman a horar mata da mutane, ilimin bincike ya biyo baya.

Misalin Landan

London College of Fashion misali ce mai kyau ta yadda aikin yake a inda ya kafu. Kwalejin ta kasu makarantu uku: ta zane da fasaha, ta yaɗa labarai da sadarwa, da ta kasuwancin sutura. A 2023 ta tattara sassanta da ke warwatse a cikin birnin zuwa sabon gini guda a unguwar Stratford da ke gabashin Landan. Makarantar kasuwancin tana bayar da digirin farko a fannoni kamar saro kaya da tsara hajar kanti, talla, da gudanarwa. Tana da digiri na biyu a dabarun talla da kuma digirin gudanar da kasuwanci na manyan ma'aikata. Akwai kuma darussan nazarin halayyar ɗan Adam game da sutura da kimiyyar kayan shafa.

Malaman irin wannan makaranta sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suka shafe shekaru suna aiki a manyan kantuna da kamfanonin tufafi a matsayin masu saro kaya, masu tsara haja ko jami'an talla, sannan suka koma aji. Akwai kuma waɗanda suka zo ta hanyar digirin digirgir a gudanar da kasuwanci, tattalin arziki, ilimin zamantakewa ko nazarin halayya. Na farko sun fi ƙarfi a koyarwa da haɗa ɗalibai da kamfanoni, na biyu sun fi ƙarfi a wallafa da neman kuɗin bincike. Makaranta tana buƙatar duka biyun, shi ya sa jami'o'in Birtaniya da yawa suka ware hanyoyin ƙarin girma daban-daban: hanyar bincike, hanyar koyarwa, da hanyar musayar ilimi da masana'antu.

A wannan kwaleji ne Farfesa Dilys Williams ta kafa cibiyar nazarin sutura mai ɗorewa a 2008, wadda ke bincike a kan illar masana'antar ga muhalli da ma'aikata. Irin waɗannan cibiyoyi su ne inda matasan masu bincike ke samun aikinsu na farko bayan kammala digirin digirgir, galibi a kan kwantiragin shekara ɗaya zuwa uku da ke ɗaure da kuɗin wani bincike.

Abin da ake koyarwa

Jigon manhajar shi ne saro kaya da tsara haja. Tufafi kaya ne masu ƙayyadadden lokaci: abin da ake rububi a kansa a wannan wata yana iya zama kwantai bayan wata uku, kuma dole a ba masana'anta oda tun kafin a san yawan masu buƙata. Ɗaya daga cikin darussan farko shi ne lissafin auna asarar ƙarancin kaya da asarar rararsu.

Misali zai bayyana shi. A ɗauka ɗan kasuwa yana saro turmin atamfa a kan naira 10,000 domin ya sayar a kan 14,000 kafin sallah, amma bayan sallah sai ya karyar da shi a kan 7,000. Duk turmin da mai saye ya nema bai samu ba, ɗan kasuwar ya rasa ribar 4,000. Duk turmin da ya rage masa, ya yi asarar 3,000. Ƙa'idar ta ce a raba asarar ƙaranci da jimlar asarorin biyu, wato 4,000 cikin 7,000, wanda ya kai kashi 57 cikin ɗari. Ma'ana, ya saro adadin da yake da tabbacin kashi 57 cikin ɗari cewa buƙatar masu saye ba za ta wuce shi ba. Da a ce kwantan ba ya sayuwa ko kaɗan, asarar rara za ta kai 10,000, lissafin ya sauka zuwa kashi 29, sai ya rage sari sosai. Tsofaffin 'yan kasuwa suna yin wannan lissafi da kai ba tare da alƙalami ba. Aikin malami shi ne ya mayar da shi abin da ɗalibi zai iya maimaitawa da alƙaluman ciniki na kamfani mai kantuna ɗari.

Bayan wannan akwai darasin sarƙar samar da kaya, wato zaɓen masana'anta, jigila, haraji da dokokin kwastam. Akwai talla da gina sunan kamfani, ciniki ta intanet, lissafin kuɗi, dokar mallakar fasaha da yaƙi da jabun kaya, da kasuwancin kayan alfarma. Ana yawan koyarwa ta hanyar nazarin tarihin wani kamfani na gaske. Mafi shahara shi ne nazarin kamfanin Zara na ƙasar Sifaniya da Pankaj Ghemawat da José Luis Nueno suka rubuta wa Makarantar Kasuwanci ta Harvard a 2003, wanda ya nuna yadda kamfanin ke ɗinka kaya kaɗan-kaɗan kusa da gida domin ya riƙa bin yayi cikin makonni.

Abin da ake bincike a kai

Manyan tambayoyin fannin suna bin abubuwan da ke faruwa a masana'antar. A ranar 1 ga Janairun 2005 aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe masu tasowa ke iya shigarwa kasuwannin Turai da Amurka, abin da ya ba Sin da wasu ƙasashen Asiya damar mamaye kasuwa, ya kuma jawo bincike mai yawa a kan ƙaurar masana'antu. A wannan shekara Pietra Rivoli ta Jami'ar Georgetown ta wallafa littafin da ya bi sawun riga guda daga gonar auduga a Texas zuwa masana'anta a Sin, har zuwa kasuwar gwanjo a Tanzaniya.

A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da birnin Dhaka, mutum 1,134 suka mutu, mafi yawansu ma'aikatan ɗinki da ke yi wa kamfanonin Turai da Amurka aiki. Daga nan nazarin haƙƙin ma'aikata da alhakin kamfanoni a kan masana'antun da suke ba kwangila ya zama babban reshe. A 2018 aka bayyana cewa kamfanin Burberry ya lalata kayan da ba a sayar ba na sama da fam miliyan 28 a cikin shekara guda, kuma sukar da ta biyo baya ta sa ya daina. Faransa ta yi doka a 2020 da ta hana lalata irin waɗannan kaya, Tarayyar Turai kuma ta amince da dokar tsara kaya masu ɗorewa a 2024. Kowace daga cikin waɗannan dokoki tana buɗe sabbin tambayoyi: nawa ne tsadar bin ta, wa zai biya, kuma ina ragowar kayan ke ƙarewa.

Amsar tambaya ta ƙarshe tana kai mai bincike Afirka. Karen Tranberg Hansen ta wallafa nazarinta kan cinikin gwanjo a Zambiya a 2000, kuma kasuwar Kantamanto ta birnin Accra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a Janairun 2025, ta zama wurin da masu bincike ke yawan zuwa domin auna yawan kayan da ke cikin dila da ba sa sayuwa.

Ana wallafa sakamakon bincike a mujallun ilimi da masana ke tantancewa kafin a buga. Daga cikin na fannin akwai Journal of Fashion Marketing and Management, da Clothing and Textiles Research Journal ta ƙungiyar malaman tufafi da yadi mai cibiya a Amurka, da Fashion Theory wadda Valerie Steele ta fara a 1997. Sai dai malamin da ke aiki a makarantar kasuwanci yakan sami matsin ya wallafa a manyan mujallun talla da gudanarwa na gaba ɗaya, domin su ne ke da maki mai yawa a jerin darajar mujallu da makarantun kasuwanci na Birtaniya ke amfani da shi.

Matakan aiki a ƙasashen waje

A Birtaniya matakan sun fara daga lakcara, zuwa babban lakcara, zuwa muƙamin da ke ƙasa da farfesa, sannan farfesa. Digirin digirgir yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu ga mai karatu na cikakken lokaci. Jami'o'i da dama suna buƙatar sabon malami ya sami takardar shaidar koyarwa a manyan makarantu cikin shekarunsa na farko. Gwamnati tana auna ingancin binciken kowace jami'a lokaci-lokaci, ta raba kuɗi bisa sakamakon. An yi awo na baya a 2021, na gaba kuma an tsara shi a 2029. Awon yana duba tasirin bincike a wajen jami'a, wanda hakan ke ba masu wannan fanni dama, tunda aikinsu kan shafi kamfanoni da dokoki kai tsaye.

A Amurka ana farawa da ƙaramin farfesa, wanda ke yin kimanin shekara shida na gwaji kafin a duba wallafe-wallafensa da koyarwarsa a yanke shawarar ba shi kujerar dindindin. Idan bai samu ba, yawanci sai ya nemi wani wuri. Akwai kuma muƙamin farfesan sana'a da ake ba ƙwararru daga masana'anta, wanda ba a ɗora masa nauyin wallafa kamar na sauran.

A ƙasashen biyu, kaso mai yawa na koyarwa yana hannun malaman wucin gadi da ake biya bisa sa'o'in da suka shiga aji. Wannan na daga cikin abubuwan da suka sa ƙungiyar malaman jami'o'in Birtaniya ta yi ta yajin aiki tsakanin 2018 da 2023. Darussan kasuwancin sutura sun dogara ƙwarai ga kuɗin ɗalibai 'yan ƙasashen waje, don haka duk sauyin dokar biza yana taɓa guraben aikin malamai. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyalansu, amma ta bar wannan dama ga masu digirin bincike.

Halin da ake ciki a Najeriya

A Najeriya ilimin sutura ya rarrabu a sassa daban-daban. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da zanen yadi a sashen zanen masana'antu, tana kuma da sashen kimiyya da injiniyancin yadi, yayin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitar da irin auduga. Kwalejin Fasaha ta Yaba a Legas, wadda aka kafa a 1947, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna horar da masu zanen tufafi da fasahar yadi. Sassan tattalin gida a jami'o'i irin su ta Najeriya da ke Nsukka da ta Aikin Gona da ke Abeokuta suna da darussan tufafi da yadi. Ɓangaren kasuwanci kuwa yana sassan gudanar da kasuwanci da talla, da makarantu irin su Makarantar Kasuwanci ta Legas da Makarantar Kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero ta Kano. Wanda ke son ya ƙware a kasuwancin sutura yakan zauna a ɗaya daga cikin waɗannan sassa, ya karkata bincikensa ga tufafi.

Matakan aiki a jami'o'in ƙasar sun fara daga mai taimaka wa malamai, wanda ake ɗauka da digirin farko mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba bayan hidimar ƙasa. Daga nan sai mataimakin lakcara, lakcara mai daraja ta biyu, mai daraja ta ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, da farfesa. Ana buƙatar digirin digirgir kafin a kai babban lakcara, kuma yawanci sai an yi aƙalla shekara uku a kowane mataki. Matakai biyu na ƙarshe sai masana daga wasu jami'o'i sun tantance wallafe-wallafen mai nema. Dokar 2012 ta sanya shekarun ritayar farfesa a 70. A kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da manhajarsu, ƙololuwar muƙamin koyarwa ita ce shugaban lakcarori, kuma ana ba ƙwarewar aikin hannu muhimmanci fiye da yadda ake yi a jami'a.

Akwai ƙofar da sabon tsarin manhaja ya buɗe. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da manhajar da ta tanadi kashi 70 cikin ɗari na darussan kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Sashen kasuwanci a Kano, Aba ko Abeokuta yana iya amfani da wannan kaso ya saka darussan cinikin yadi da tufafi ba tare da jiran a ƙirƙiri sabon digiri ba. Ta fuskar kuɗi, asusun TETFund yana tallafa wa malaman makarantun gwamnati wajen ƙaro karatu da halartar tarukan ilimi, yana kuma da asusun bincike na ƙasa da ake nema ta hanyar gasa. Tallafin Commonwealth yana ɗaukar masu digirin digirgir a Birtaniya, shi kuwa Chevening na digiri na biyu ne na shekara ɗaya kawai, kuma yana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara biyu.

Tambayoyin da ke jiran masu bincike a gida

Abin da aka fi sani a rubuce game da sana'ar tufafi a Najeriya, masana tarihi da zamantakewa ne suka samar da yawancinsa. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirin digirgir a 1975 kan yadda masarautar Kano ta gina sana'ar rini ta fitarwa waje a ƙarni na 19. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun yi nazarin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a ƙarshen shekarun 1990. Elisha Renne da Farfesa Salihu Maiwada na Jami'ar Ahmadu Bello sun rubuta abin da ya sami ma'aikatan masaƙar Kaduna Textiles Limited da iyalansu bayan rufe ta a 2002, masaƙar da aka buɗe tun 1957. Waɗannan ayyuka sun bayyana tarihi da halin mutane. Abin da malamin gudanar da kasuwanci zai ƙara shi ne lissafi: tsada, riba, jari, bashi da saurin juyawar kaya.

Batutuwan a fili suke. Kasuwar Kantin Kwari ta Kano tana ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yadi a Afirka ta Yamma, 'yan sari na zuwa daga Nijar, Chadi da Kamaru, kuma ciniki mai yawa a cikinta yana gudana ne bisa amana da bashi. Yadda wannan tsari ke jure faɗuwar darajar naira tambaya ce ta bincike. Shadda mai tsada tana zuwa daga kamfanin Getzner na ƙasar Austriya, leshi daga yankin Lustenau na wannan ƙasa, atamfar Vlisco daga Holan, yayin da kwaikwayonsu masu rahusa ke zuwa daga Sin. Yadda mai haɗa lefe ke bambance asali da jabu, da nawa yake yarda ya ƙara a kan sunan kamfani, darasi ne na talla da ba a buƙatar a aro misalinsa daga Turai. Masu yin takalma da tufafi na Aba, masu rinin adire na Abeokuta, masaƙan aso-oke na Iseyin, masu ɗinkin hula na Borno da marinar Ƙofar Mata duk suna fama da tambayoyi iri ɗaya na farashi, inganci da isa ga kasuwa. Cunkoson aiki a wurin teloli kafin sallah, da saɓa alkawarin da ke biyo baya, matsala ce ta tsara aiki da ake iya aunawa a kuma gyara.

Akwai kuma manufofin gwamnati da ke buƙatar a auna sakamakonsu: asusun naira biliyan 100 na farfaɗo da auduga da masaƙu da aka damƙa wa Bankin Masana'antu, hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga Babban Bankin Najeriya a 2019 da ɗage takunkumin a Oktoban 2023, da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da aka fara aiki da ita a Janairun 2021. Bankin Raya Afirka ya ƙaddamar da shirin Fashionomics domin tallafa wa ƙananan masu sana'ar sutura, hukumar UNESCO kuma ta fitar da rahotonta kan sana'ar sutura a Afirka a Oktoban 2023 a wurin Makon Sutura na Legas, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011. Rahoton ya ambaci ƙarancin horo da jari cikin abubuwan da ke hana sana'ar bunƙasa. Idan babu masu bincike a gida da za su auna irin waɗannan shirye-shirye, za a ci gaba da kashe kuɗi ba tare da sanin wanne ya yi amfani ba.

Wahalhalun aikin

Na farko shi ne samun alƙaluma. Kamfanonin Turai da ke kasuwar hannayen jari suna buga lissafinsu, amma ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Balogun ba ya buɗe littafinsa ga baƙo, musamman idan yana tsoron maganar haraji ko fasa-ƙwauri. Mai bincike yana buƙatar lokaci, da amincewar shugabannin kasuwa, da alkawarin sakaya sunayen waɗanda suka yi masa bayani, tare da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arsa.

Na biyu shi ne raini. Har yanzu wasu abokan aiki a jami'a suna ɗaukar nazarin sutura a matsayin abin wasa, duk da yawan mutanen da ke cin abinci daga sana'ar. Na uku shi ne kuɗi: albashin lakcara yakan gaza abin da ƙwararren mai saro kaya ke samu a kamfani, kuma yawan ɗalibai da yajin aiki, irin na wata takwas da aka yi a 2022, suna cinye lokacin bincike. Na huɗu shi ne mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga maƙala ba tare da tantancewa ba, waɗanda kwamitocin ƙarin girma ke ƙara ƙin amincewa da su. Akwai kuma haɗarin son zuciya idan kamfani ne ya biya kuɗin bincike, shi ya sa mujallu ke buƙatar marubuci ya bayyana wanda ya ɗauki nauyin aikinsa.

Hanyar shiga

Wanda ya fito daga jami'a da digirin kasuwanci, tattalin arziki, zanen yadi ko tattalin gida zai amfana idan ya yi shekara biyu zuwa uku a cikin sana'ar kafin ya koma karatu, ko a kanti, ko a masana'anta, ko a kamfanin ciniki ta intanet. Wanda ya riga ya daɗe a kasuwa yana iya farawa da koyarwa ta wucin gadi a kwaleji, yana haɗa digiri na biyu. Dukansu suna buƙatar ƙwarewa a ƙididdiga da manhajojin nazarin alƙaluma, da dabarun yin hira da lura a fagen bincike, da rubutun Turanci na ilimi. Sanin Hausa, Yarbanci ko Ibo jari ne a nan, domin shi ke buɗe bakin 'yan kasuwa, Faransanci kuma yana da amfani ga mai bin sawun kaya zuwa Kwatano, Lome da Yamai.

Wajen zaɓen digirin digirgir, mai kula da kundin ya fi sunan jami'a muhimmanci: a duba abin da ya wallafa a shekaru biyar da suka wuce, da yawan ɗaliban da suka kammala a hannunsa. A zaɓi tambaya ƙarama da za a iya amsawa da alƙaluman da ake da hanyar samu, kamar yadda bashin sari ke gudana a layi ɗaya na kasuwa guda, maimakon neman bayyana dalilin durƙushewar masaƙun ƙasa baki ɗaya. Kwamitin ɗaukar malamai yakan nemi ganin maƙala ɗaya ko biyu da aka wallafa ko ake kan tantancewa, da shaidar koyarwa, da tsarin binciken da mai nema zai yi a shekaru uku masu zuwa, sannan a yawancin makarantun ƙasashen waje a sa shi ya gabatar da gajeren darasi a gaban malamai da ɗalibai kafin a yanke shawara.